Renon yara a gida a Amurka: yaushe doka ke neman lasisin jiha?

Mata da yawa daga cikinmu da ke zaune a Bronx, Harlem, Greensboro ko kewayen birnin Washington sun tsinci kansu cikin sana'ar reno ba tare da sun taɓa zama sun ƙulla niyyar yin ta ba. Maƙwabciya ta samu aikin kula da tsofaffi, ta roƙa a riƙe mata jariri. Wata mai kitso a shago ta ji labari, ta kawo nata biyu. Kafin a ankara falo ya cika, ana biya mako-mako. A gida wannan zumunci ne, ba wanda zai ɗaga kai ya dube ki. A nan kuwa hukuma ba ta duba niyya. Abin da take ƙirgawa huɗu ne: yara nawa, awa nawa, mene ne tsakaninki da su, kuma a gidan wa ake renon. An fi kawo misali da jihar New York a amsoshin nan saboda yawan mutanenmu a can, amma an taɓo wasu jihohin.

Wai da gaske sai da lasisi zan riƙe 'ya'yan maƙwabta a cikin gidana?

Ya danganta da jihar da kike. Akwai inda yaro ɗaya tak, in dai ba danginki ba ne kuma kullum ake kawo shi, ya isa a ce sai kin yi rajista. Akwai inda za ki riƙe biyu, uku, har fiye, ba wanda zai nemi takarda a hannunki. Don haka in ƙawarki ta Texas ta ce miki ita ba ta da komai kuma lafiya lau take, kada ki ɗauki maganarta ki yi aiki da ita a Maryland.

Me ya sa abin ya bambanta haka, ba ƙasa ɗaya ba ce?

Saboda ba da lasisin reno aikin jihohi ne. Gwamnatin tarayya ba ta ba kowa lasisin reno. Abin da take yi shi ne ba jihohi kuɗin tallafa wa iyaye masu ƙaramin ƙarfi, a ƙarƙashin wata doka da aka kafa a 1990, aka kuma sabunta ta a watan Nuwamban 2014 zamanin Shugaba Obama. Sabuntawar ce ta ɗaure jihohi da sharuɗɗa: binciken tarihin masu reno da hoton yatsu, horo kan lafiya da kare rai, ziyarar ba-zata aƙalla sau ɗaya a shekara ga masu lasisi, da kuma saka sakamakon ziyarar a intanet inda iyaye za su gani. Amma adadin yaran da zai sa a nemi lasisi, wannan kowace jiha ce ke yanke nata. A wasu wurare ma ƙaramar hukuma na ƙara nata sharaɗin a kan na jiha.

To a New York ya lissafin yake?

Hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce ofishin kula da yara da iyali na jihar, wanda ake kira OCFS. A cikin birnin New York kuwa, ma'aikatar lafiya ta birnin ce ke karɓar takardu da zuwa duba gidaje a madadinsa.

Idan yaran da ba danginki ba guda ɗaya ne ko biyu, ba kya buƙatar rajista. Idan sun kai uku, kuma kowannensu yana wuce awa 3 a rana a wurinki a kai a kai, kin shiga hannun doka. Daga nan mataki biyu ne. Na farko ƙaramin gidan reno, mai yara 3 zuwa 6, da damar ƙara 'yan makaranta 2 a lokutan da ba sa makaranta, wato 8 ke nan gaba ɗaya. Wannan rajista ake yi masa. Na biyu babban gidan reno, mai yara 7 zuwa 12, da damar ƙara 'yan makaranta 4, wato 16. Wannan lasisi ake ba shi, kuma sai da mataimakiya.

Akwai ƙa'idar da ta fi kama mutanenmu: duk yara biyu 'yan ƙasa da shekara 2 sai da babban mutum ɗaya a kansu. Alhali jarirai su ne aka fi kawo mana, tunda su ne manyan wuraren reno ke tsawwala wa kuɗi. Kina da rajistar yara shida, amma idan ke kaɗai ce, jariri na uku ya riga ya saka ki cikin laifi.

Maganar awa 3 ita ma a fahimce ta. Matar da ke ɗauko yara daga makaranta ƙarfe uku, iyayensu su zo kafin shida, ba ta shiga wannan rukuni ba ko da yaran sun fi biyu. Amma ranar da aka rufe makaranta, ko lokacin dogon hutu, in yaran nan suka fara wuni, lissafi ya sauya.

'Ya'yan cikina fa, ana ƙirga su?

Sau da yawa, e. A New York, gidan da ya yi rajista yana ƙirga 'ya'yan mai reno da ba su kai shiga ajin share fagen firamare ba, muddin suna gida a lokacin. Kalifoniya na ƙirga naki 'yan ƙasa da shekara 10. Maryland na ƙirga 'yan ƙasa da 6. Illinois tun daga wurin tantance ko kina buƙatar lasisi take saka naki 'yan ƙasa da shekara 12 a ciki: in jimilla ta wuce uku, sai da lasisi, sai dai in duk yaran da kike reno 'yan gida ɗaya ne. Mai 'ya'ya ƙanana uku a Chicago ba ta da sauran fili sosai.

Yaran ai na 'yan uwana ne. Wannan ma sai da takarda?

Nan ne aka fi samun tuntuɓe, kuma yana da kyau a tsaya a kai. Kusan kowace jiha ta ware renon dangi daga neman lasisi, amma dangin da take nufi masu iyaka ne, a rubuce suke. A New York ana maganar irin su kaka da kakan kaka, gwaggo da inna, kawu da baffa, ɗan'uwa ko 'yar'uwar yaron, da ɗan baffa ko ɗan gwaggonsa na kusa. Matar da kuka tashi unguwa ɗaya a Nima ko Zangon Kumasi, wadda kuka sha wahalar baƙunta tare har kike ce mata Yaya, ba ta ciki. 'Yar garinku ta Maraɗi ba ta ciki. Wadda kuke masallaci ɗaya, ko mijinta aminin mijinki ne, ba ta ciki. Jami'i zai tambaye ki ne kai tsaye: uwar yaron nan ko ubansa, mene ne naki ta jini ko ta aure? Kuma yana iya tambayar iyayen daban.

Shawarata, kada ki koya wa iyaye su ce ke ƙanwarsu ce. In dai kuɗin tallafin gwamnati ya shigo ciki, ƙarya a takardar ta tashi daga saɓa ƙa'idar reno ta koma zamba, kuma hukuncin wannan ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

In kuma kina haɗa jikokinki da 'ya'yan wasu, gejin nan na yara biyu yana nan a kan waɗanda ba dangi ba.

Ni ba kuɗi nake karɓa ba, ɗan alheri ne kawai suke yi mini.

A New York wannan ba ya fitar da ke, domin ƙa'idar ta shafi reno ko da biya ko babu. A Texas da Georgia an ambaci biya a cikin sharaɗin, sai dai "alheri" da ke zuwa duk Juma'a, adadi ɗaya, kowa ya san sunansa. Kalifoniya ta yarda da wani tsari mai kama da adashe: iyaye su haɗu, yau wannan ta riƙe yaran, gobe waccan, ba kuɗi a tsakani, kuma yaran kada su wuce 12. Da zarar an ware mace ɗaya ana biyanta, tsarin ya rushe.

Sauran jihohin fa?

Maryland na cikin masu tsauri. Yaro ɗaya wanda ba dangi ba ya isa a nemi rajista, sai dai in taimakon ƙawa ne na jefi-jefi da bai kai awa 20 a wata ba. Ƙaramin gida a can yana ɗaukar yara har 8. Massachusetts da Michigan su ma daga yaro ɗaya suke farawa. Ki haye kogi daga Maryland zuwa Virginia, sai ki tarar lasisin jiha yana farawa ne daga yara 5, ban da naki. A da 6 ne, aka rage a 2016. Amma gundumomin Fairfax da Arlington da birnin Alexandria suna da nasu izinin ga masu yara ƙasa da haka, kuma nan ne baƙi da yawa ke zaune.

Carolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa a Greensboro: yara 3 ko fiye da ba dangi ba, fiye da awa 4 a rana, aƙalla sau ɗaya a mako. Georgia daga 3 in ana biya. Pennsylvania daga 4. Kalifoniya da Minnesota ba kawuna suke fara ƙirgawa ba, gidaje suke ƙirgawa: 'ya'yan iyali ɗaya ban da naki babu lasisi, iyali na biyu na shigowa sai da shi. Texas na da hawa uku, kuma ko mai yaro ɗaya zuwa uku da ake biya a kai a kai sai ta saka sunanta a kundin hukuma an binciki tarihinta. A ɗaya ɓangaren akwai New Jersey, inda rajistar mai yara har 5 ganin dama ce, da Dakota ta Kudu da ke barin mutum ya riƙe har 12 ba tilas.

Majalisun jihohi na taɓa waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, musamman yanzu da ake kukan ƙarancin wuraren reno. Kafin ki karɓi yaro na gaba, buɗe shafin childcare.gov, zaɓi jiharki, zai kai ki ga hukumar da abin ya shafa.

Rajista da lasisi, ɗaya ne?

Suna ya bambanta daga jiha zuwa jiha, nauyin kuma ba ya bin suna. A New York mai rajista ana duba gidanta, ana bincikenta, ana iya rufe ta, daidai da mai lasisi. Abin tambaya shi ne ko tilas ne ko ganin dama.

Idan ni ce nake zuwa gidansu na yi renon fa?

To ba kya buƙatar lasisin gidan reno, tunda yaron a ɗakin iyayensa yake. Kin zama ma'aikaciyar gida, iyayen su ne iyayen gidanki, dokar albashi da ta haraji ce ke tsakaninku. New York ta kafa dokar kare haƙƙin masu aikin gida tun 2010, wadda ta ba su kuɗin ƙarin lokaci da hutun kwana ɗaya a mako. Sai dai in maƙwabta suka fara tara nasu yaran a wannan gidan, su waɗancan ba a gidansu suke ba, an koma gidan jiya.

Malam yana koyar da yara karatun Alƙur'ani a falo da yamma da ƙarshen mako. Shi ma reno ne?

Dokar New York ta ware shirin bayan makaranta da aka kafa musamman don koyar da addini, ba ta ɗauke shi reno ba. Yara su zo, su yi karatu awa biyu, a zo a ɗauke su, wannan makaranta ce. Inda abin ke rikiɗewa shi ne lokacin hutun bazara, a ajiye yara tun takwas na safe har magariba, a ci a sha a yi barci, har da masu tatata da ba su san alif ba, saboda iyaye na wurin aiki. Jami'i zai duba abin da ke faruwa a ɗakin ne, sunan da aka rubuta a ƙofa bai dame shi ba. Ƙa'idojin gobara da na yawan mutane a gini kuwa suna nan ko da karatu ne zalla.

Me ake nema kafin a ba ni?

A New York, ki kai shekara 18. Ki nuna kin yi shekara 2 kina kula da ƙananan yara, ko shekara 1 da ɗan horo a kai, kuma renon 'ya'yan cikinki na iya shiga lissafin. Za ki fara da zaman wayar da kai ta intanet, sannan horon awa 15 kan lafiya da kare haɗari, da takardar taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi. Sai takardar likita, da mutanen da ba dangi ba da za su shaide ki, da hoton yatsu. Bayan an ba ki, akwai horon awa 30 a duk shekara 2. Takardar kuma ana sabunta ta bayan wasu shekaru.

Ba a neman digiri. Turanci ma kada ya tsorata ki: kina da damar neman tafinta kyauta a ofisoshin jihar, kuma Faransanci da Larabci na cikin harsunan da ake fassara muhimman takardu zuwa gare su. A Bronx ƙungiyar WHEDco ta daɗe tana horar da masu reno a gida tana kuma taya su cika takardu.

An ce har maigida za a ɗauki hoton yatsunsa. Ina ruwansa?

Ruwansa shi ne a gidan yake kwana. Duk mai shekara 18 zuwa sama da ke zaune a gidan za a bincike shi: kundin masu laifi na jiha da na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, kundin masu cin zarafin yara, da na masu laifin lalata. Wannan ya haɗa da ɗanki da ya girma, da ƙanin miji da ya sauka "kafin ya samu ɗaki" yau shekara guda. Gidajenmu ba sa rabo da baƙi, kuma ba a son a ce wa ɗan uwa ba wuri, amma mai lasisi dole ta sanar da hukuma duk wanda ya tare. Ki zauna da maigida ku gama wannan magana tun kafin ki biya kuɗin horo. Mata da yawa a nan shirinsu ke tsayawa.

Me jami'in yake dubawa in ya zo?

Hanyar fita biyu in gobara ta tashi, na'urar gano hayaƙi da ta iskar gas mai kisa, tukunyar kashe wuta, ƙarfen taga, murfin bututun ɗumama ɗaki, fenti mai ɓarewa a tsofaffin gidaje saboda gubar dalma, magunguna da sabulun wanki a kulle, takardar riga-kafin kowane yaro, da littafin shiga da fita. Zai ƙirga yara. Ƙaramar na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ba a yarda da ita inda yara suke ba, kuma duk wanda ke Bronx a watan Janairun 2022 ya san dalili: irinta ce ta tayar da gobarar da ta ci rai 17, 8 daga ciki yara, akasarinsu 'yan Gambiya. Masu turaren wuta kuma da ke cire batirin na'urar hayaƙi don ta daina ihu, jami'i na danna ta zai gane.

Amma abubuwan da suka fi ba mu wuya ba na gini ba ne, na al'ada ne, guda uku.

Kwanciyar jariri. Rigingine ake kwantar da shi, a gadonsa shi kaɗai, katifa mai tauri, ba filo, ba bargo, ba zani a naɗe a gefe. Ba a kan gadonki ba, ba a kujera ba. Mun saba kifa jariri don ya yi barci mai nauyi, amma barci a kife na cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar fuju'ar jarirai, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya saba rigingine a gida aka zo aka kifa shi a wurin reno. Tsohon gadon jariri mai gefen da ake saukewa an hana sayar da shi tun 2011, kada ki karɓa ko kyauta ce.

Duka. Babu shi sam a gidan da ke da rajista a New York, ko ranƙwashi, ko jan kunne, ko kamun kunne, ko hana abinci. Ko uwar yaron ta ce "Hajiya, in ya yi ki zane shi", izininta ba ya aiki. Bugu da ƙari, ke kanki kin zama cikin waɗanda doka ta wajabta wa kai rahoto in suka ga alamar ana cutar da yaro a gida. Wannan nauyi ne babba a cikin al'ummar da kowa ya san kowa, kuma ya kamata iyaye su san da shi tun ranar farko.

Magani. Ba kya ba ɗan wani maganin zazzaɓi don kin ji jikinsa da zafi. A New York sai kin yi horo na musamman, da izinin iyaye a rubuce, galibi da umarnin likita. Jiƙo da sauran magungunan gargajiya a bar wa iyaye su yi a gidansu. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba.

Gidan haya nake. Mai gidan zai iya hana ni?

A Kalifoniya doka ta fito fili: ba zai iya hana ki ba, ba zai kore ki don haka ba, ke dai ki ba shi sanarwa a rubuce kwana 30 kafin ki fara. Wata doka da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ƙara ƙarfafa wannan kariya. A New York doka ta hana ƙananan hukumomi haramta gidan reno mai rajista a unguwar zama, kotuna kuma sun sha goyon bayan 'yan haya masu rajista. Lura da kalmar: masu rajista. Wadda ke yi a ɓoye ba ta da wannan garkuwa. A wasu jihohin takardar haya ce ke da ta cewa, sai ki karanta taki.

Inshorar gida ko ta haya galibi ba ta biyan haɗarin da ya faru ta dalilin sana'a. Yaro ya faɗo daga bene ya karye, kamfanin zai iya cewa ba ruwansa. Akwai inshora ta masu reno daban.

In aka gano ina yi ba lasisi, me zai faru?

Yawanci ƙorafi ne ke kawo su: maƙwabcin da hayaniya ta dama, ko uwar da kuka yi saɓani a kan kuɗi, ko asibitin da aka kai yaro. Za a ba ki umarnin dakatawa. A New York tara na iya kai dala 500 a kowace rana, a Kalifoniya dala 200 a rana in aka ci gaba bayan gargaɗi. A wasu jihohi laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai. Virginia ta tsananta a 2016, bayan wani yaro ya rasu sakamakon gobara a gidan reno marar lasisi: in yaro ya mutu ko ya ji mummunan rauni a gidan da ya kamata ya yi lasisi bai yi ba, babban laifi ne mai ɗauri.

Ga wadda maganar takardun zamanta ba ta kammala ba, ko wadda ke shirin neman zama 'yar ƙasa, duk abin da ya kai kotu ba ƙarami ba ne. Lasisin reno kuma ba izinin aiki ba ne, ba ya gyara takardun zama. Mai irin wannan hali ta ga lauyan shige da fice kafin ta cika kowace takarda.

Ban da guje wa tara, me zan ƙaru da shi?

A ganina nan ne ya kamata a fi saka ido, domin tsoro ne kawai ke riƙe da yawancin masu ɓuya. Na farko, iyaye masu takardar tallafin reno za su iya kawo miki yara, gwamnati ta biya, kuma a New York farashin mai rajista ya fi na marar rajista. Kin huta da "wallahi makon nan ba a biya mu ba, Hajiya, ki yi haƙuri". Na biyu, shirin abinci na ma'aikatar noma ta tarayya, CACFP, yana mayar miki da kuɗin abinci sau biyu da ɗan abin taɓawa sau ɗaya a rana ga kowane yaro. Ba a tilasta miki girkin Turawa: shinkafa da wake, miyar ganye, kaza ta halal, duk suna shiga in an haɗa da madara da kayan lambu ko na marmari yadda tsarin ya nema. Na uku, haraji. Mai reno a gida na iya cire wani kaso na kuɗin haya, wuta da ruwa daga ribar da za a yi wa haraji, ta takardar da ake kira 8829, gwargwadon faɗin wurin da awoyin aiki. Amma sharaɗin wannan sauƙi na musamman shi ne kina da lasisi, ko kin nema, ko doka ta ɗauke miki.

Ko wadda ba ta kai gejin rajista ba, misali kaka mai riƙe jikoki ko mai yara biyu, tana iya shiga tsarin karɓar tallafin a matsayin wadda doka ta ɗauke wa lasisi. Akwai takardu da bincike, amma bai kai na cikakkiyar rajista ba.

Kuɗi a hannu ake ba ni. Shi ma sai na faɗa wa masu haraji?

E. Ribar da ta kai dala 400 a shekara daga aikin kai dole a bayyana ta, da lasisi ko babu. Iyaye kuma in za su nemi rangwamen harajin reno, sai sun rubuta sunanki da lambarki a takardarsu. In ba kya son raba lambar tsaron zamantakewarki, nemi lambar sana'a ta EIN, kyauta ake bayarwa.

Mu iyaye ne. In muka ga lasisi a bango, shi ke nan hankali ya kwanta?

A'a. A watan Satumban 2023 yaro ɗan shekara 1 ya rasu, wasu uku aka kwantar da su asibiti, a wani gidan reno a Bronx, sakamakon ƙwayar fentanil da aka ɓoye a wurin. Gidan na da lasisi, kuma 'yan kwanaki kafin nan jami'ai sun kai ziyarar ba-zata ba su ga komai ba. Lasisi na nuna an binciki mutanen da aka bayyana, an duba hanyar fita, an ƙayyade yawan yara. Sauran aikin naku ne. Ku duba tarihin gidan a shafin OCFS, za ku ga laifukan da aka taɓa rubuta masa da ko an gyara. Ku riƙa zuwa ba sanarwa, da tsakar rana, domin iyaye na da damar shiga duk lokacin da ɗansu ke ciki. Ku ƙirga yaran da kanku, ku tambayi su wane ne mazan da ke shiga da fita, ku ce a nuna muku inda jariri ke kwana. Kunya ce ke hana mu yi wa babbar mace irin waɗannan tambayoyi, musamman in ta girme mu ko ta san iyayenmu. Wadda ke aiki tsakani da Allah ba za ta ji haushi ba.

Na riga na wuce adadin. Yanzu ya zan yi?

Fara da ragewa zuwa abin da jiharki ta yarda da shi ba lasisi, a New York biyu ke nan, ki ba sauran iyayen lokaci su nemi wani wuri, ki faɗa musu gaskiyar dalili. Sannan ki nemi cibiyar ba da shawara kan reno ta gundumarki, kowace jiha na da irinsu, kuma aikinsu taimako ne, ba kamu ba. A birnin New York kiran 311 zai haɗa ki da ofishin da ya dace. Tun daga zaman wayar da kai zuwa fitowar takarda abin na ɗaukar watanni, yawanci binciken yatsu da gyaran gida ne ke jan lokaci, don haka ki fara da su. Miƙa takardar nema ba izini ba ne. Sai rajistar ta fito, da adadin yaran a rubuce a jikinta, sannan ki kira iyayen su dawo.